Maus ɗin da ke Aljihuna

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Wannan littafin na maganin ɗigawa ne. Mamansu ta sayo shi don in riƙa rubuta lokacin da aka ɗiga wa Uwata magani a ido: mai jan murfi sau huɗu a rana, mai farin murfi sau biyu. Gaban littafin na magani, bayansa nawa. Ba mai duba baya. Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare saboda ni da lissafi mun kasa jituwa, yau ga ni da littafi har da kwanan wata. Da malamin lissafinmu zai gani, da ya nemi gafarata.

Uwata 'yata ce ta fari. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunan. Aikinta duba shafukan intanet. Kamfaninsu ya gina shafi, ita kuma ta gwada ko wanda ba ya gani, ko wanda hannunsa ba ya riƙe maus ɗin kwamfuta, zai iya amfani da shi. In ta sa hannu, shafi ya fita duniya. In ta ƙi, ya koma gareji. Shekara shida tana wannan aikin.

Yanzu daga gida take yi. Likita ya ce kar ta shiga rana. Sauran abin da ya ce ba na littafin nan ba ne.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Manajanta ya kira, ta sa wayar a fili ina ji. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce duk ofis suna tare da ita. Sannan ya ce akwai shafin da suka gina wa wasu asibitoci, inda mara lafiya zai kama ranar ganin likita. Mako uku ya ba ta ta gwada ta kawo rahoto.

"In aikin ya yiwu daga gida, shi ke nan, mu ci gaba. In kuma ya yi miki nauyi, sai mu zauna mu yi magana."

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa manajoji. Na san wannan zaman. Ba a kawo shayi a cikinsa.

Da ya kashe ta ce, "Baba, ka ji?" Na ce na ji, mutumin kirki ne, muryarsa kamar ta mai sayar da inshora. Ta yi dariya kaɗan. Hannunta na neman kofi a inda kofi ba ya nan. Na tura mata shi da yatsa, na yi tari don kar ta ji ƙarar.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

An ba ni aiki biyu. Na farko, ta miƙo mini maus, wannan mara igiyar. "Baba, ɗauke shi daga teburin nan. Dokar gwaji ke nan: ba maus, ba ido." Na jefa shi a aljihun riga.

Na biyu, karatu. Ka'idojin aikin suna cikin wasu takardu shafi arba'in, da Turanci, ni nake karanta mata. Turancina kamar mota ce a kan hanya mai ramuka, ana zuwa amma kowa ya ji a jikinsa. In na kai wata kalma sai ta ce, "Baba, tsallake ta, ka bar ta da ranta."

A cikin kwamfutar akwai wata murya mai karanta duk abin da ke kan allo. Da ita makafi suke aiki. Na sa mata suna Aku, don ba ta gajiya kuma ba ta numfashi. Uwata tana danna maɓallin Tab, Aku yana faɗin inda aka je: suna, lambar waya, zaɓi rana. In ta ga dama ta danna Enta.

Allon a kunne yake. Da can in za ta yi irin wannan gwajin, rufe shi take da tawul don kar ta yi satar kallo. Yau ba ta nemi tawul ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Sun yi musu a waya ita da Dogo, wanda ya gina shafin. Na fahimci rabi. Akwai abin da suke kira sikirif, wani ɗan rubutu ne da ke sa shafi ya motsa da kansa, ya fito da saƙo, ya buɗe akwati, ba tare da an sake loda shi ba. Ka'ida ta ce duk abin da sikirif ya fito da shi, dole na'urar da ke taimaka wa mutum ta iya sanin ya fito, kuma mutum ya iya kaiwa gare shi ba da maus ba.

Dogo ya ce, "Ka'ida cewa ta yi a iya sani. Ba ta ce sai an yi shela ba. Abin yana nan cikin shafin, wanda ya nema zai samu."

Uwata ta ce, "Yaya mutum zai nemi abin da bai san ya fito ba? In muryar ba ta faɗa ba, a wurina babu shi."

"Wannan fassararki ce."

"Ni ake biya in fassara, Dogo. Kai gini aka ce ka yi."

Na ji daɗin wannan. Tun ranar da muka dawo daga asibiti ban ji ta yi wa kowa tsiwa ba.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe 4:40 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Ta cike komai. Suna, lamba, rana, likita. Aku ya ce, aika. Ta danna Enta. Sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo, fari, da rubutu: Ka tabbata? Ƙarƙashinsa Ee da A'a.

Aku bai ce uffan ba.

Ta jira. Ta danna Tab. Shiru. Ta sake. Ta danna Enta, ta danna Enta. Ina zaune a gefenta ina kallon akwatin nan, girmansa bai fi tafin hannuna ba, yana gaban fuskarta daidai. Na ga leɓenta na ƙasa ya fara rawa, irin rawar da yake yi tun tana 'yar shekara huɗu in ta ɓata a kasuwa. Ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Me na taɓa?"

Hannuna yana aljihu. Wallahi ban yi shawara ba. Na ji maus ɗin a kan cinyata, na ga 'yar kibiyar maus ta motsa a allo. Ashe ta cikin yadi ma yana aiki. Na kai ta kan Ee. Na danna, a daidai lokacin da ita ma ta sake danna Enta.

Aku ya ce, an karɓi buƙatarka.

Ta saki numfashi, ta kife goshi a tebur. Ta ɗago tana murmushi. "Ka gani, Baba? Hannuna bai manta ba."

Na ce ai 'yar wa ce.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Sau ɗaya ne. Ba zan ƙara ba.

Juma'a, ƙarfe 3 na rana

Uku.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Ta ci abinci sosai yau, har ta nemi ƙari. Mamansu ta kalle ni ta ce me na ba ta. Na ce barkwancina ne ya fara aiki bayan shekara talatin.

Ta gaya wa Dogo a waya cewa akwatinsa bebe ne, amma in aka yi ta danna Enta yana wucewa. Ta yi mini bayani: laifi iri biyu ne a rahoto. Akwai ƙarami, a rubuta a ce a gyara nan gaba, shafi ya wuce. Akwai babba, wanda ke tare mutum ya kasa gaba ya kasa baya, shi kam shafi ya faɗi. "Wannan ƙarami ne, tunda ga shi ina wucewa."

Dogo har da cewa ai ya faɗa mata.

Na tashi na shiga banɗaki na tsaya ina kallon famfo.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Shida.

Mamansu ta shigo da ruwa ana tsakiyar gwaji. Ta tsaya a bayanmu. Da muka fito tsakar gida ta ce, "Malam, me kake sosawa a aljihu?"

Na ce ƙaiƙayi.

"Ƙaiƙayin da ke tafiya da kibiya a allo?"

Matar nan ba ta taɓa kunna kwamfuta ba a rayuwarta, amma shekara talatin tana kama ni da sukari a shayi. Na gaya mata duka. Ta daɗe tana goge hannu da gefen zani, alhali hannun a bushe yake.

"Ka gaya mata."

"Bari ta miƙa rahoto."

"Rahoton ƙarya?"

"Kin ga yadda take cin abinci?"

Ta koma kicin, na ji tukunya ta sha wahalar da ba laifinta ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 2:45 na rana

Bayan maganin rana takan yi barci awa ɗaya. Na zauna a kujerarta. Na ajiye maus a kan firij don kar shaiɗan ya ci nasara. Na ɗaure idona da tawul. Na ce bari in gani, wataƙila da gaske Enta na wucewa, wataƙila dannawata ba ta da wani amfani, kamar yadda nake danna maɓallin lif na hawa bene sau biyar.

Na bi Aku tiryan-tiryan. Na sa sunana, na zaɓi likitan ƙashi don gwiwata. Aika. Enta.

Shiru.

Na danna Enta sau ashirin, na ƙirga. Na danna Tab har yatsana ya yi zafi. Ni na san akwatin yana nan, na san faɗinsa, na san inda Ee yake, amma ba ƙofa. Ban san shiru yana da nauyi haka ba. Mintina huɗu a cikin tawul, rigata ta jiƙe.

Ni ke nan fa, da ina cire tawul na ga ɗaki.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Ta kira ni da sunan ƙaninta da na shigo ɗaki. Sai da na yi magana ta gane ni.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Tara. Na ƙware. Ina jiran ta danna Enta na uku sannan in danna, don lissafin ya riƙa fitowa daidai. Har ta rubuta a rahoto: sai an danna sau uku. Ka ji ɗan aji biyu ya ƙirƙiro wa masana sabuwar ka'ida.

Na so in faɗa mata yau. Na ce, "Uwata." Ta ce, "Na'am, Baba," ta juyo da fuskarta wajen da take zaton nake, ta kuskure ni da kamar taku ɗaya. Sai na matsa na koma inda take kallo, na ce ko tana son lemo.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Goma sha ɗaya. Ta gama. Ta sa hannu, ta aika, mako guda kafin wa'adi.

Manaja ya kira da kansa. Ya ce abin alfahari ce. Ba a ƙara maganar zama ba.

Mamansu ta ajiye mini abinci ba ta ce ga shi ba.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Sun saki shafin. Na tambaye ta, kamar wasa, mutum nawa ne irin masu amfani da Aku za su shiga. Ta ce ɗaruruwa, asibitocin ido ma suna ciki.

Na ɗiga mata mai jan murfi sau biyu a ido ɗaya. Ta ce, "Baba, ɗayan fa? Ko ka sallame shi?" Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Mai farin murfi ya ƙare, na tafi kantin magani. Na farko babu, na biyu babu, sai na uku can bayan tashar mota. Mamansu ta tafi unguwa. Awa biyu na yi a waje.

Na dawo na same ta a gaban kwamfuta, hannuwanta a cinya. Akwatin yana kan allo.

Asibitin da muke zuwa sun turo saƙo cewa daga yanzu ta shafin ake kama rana. Ta ce bari ta kama wa kanta ranar komawa, ta ba ni mamaki.

"Baba, tun ƙarfe uku da rabi."

Na ce wataƙila intanet ne.

"Ba intanet ba ne. Na kira Dogo, ya ce bai taɓa komai ba. Sau goma sha ɗaya na wuce wurin nan, Baba. Sau uku ake dannawa, ni na rubuta. Na danna uku, na danna talatin." Muryarta ta yi ƙasa. "Likita ya ce in na fara rikita abin da na saba yi, in gaya masa da wuri. Ya ce wannan alama ce abin ya wuce ido. Baba, ina jin ya wuce."

Na yi ta barkwanci a rayuwata, a gidan biki, a gidan makoki, har a ofishin 'yan sanda. Na laluba ban sami ko ɗaya ba.

Na ciro maus daga aljihu na sa a tafin hannunta. Da ɗuminsa, don tun safe yana jikina. Ta shafa shi. Ta juya shi, ta taɓa ɗan maɓallin da ke ƙasa, ta ji a kunne yake.

Na ce, "Kanki lafiya lau, Uwata. Akwatin ba ya wucewa. Bai taɓa wucewa ba."

Ta rufe yatsunta a kan maus ɗin.

"Sau nawa?"

"Duka."

"Har na farkon?"

"Har shi."

Ta ce, "Na ce maka hannuna bai manta ba. Ka ce 'yar wa ce."

Ta cire batirin ta ajiye a tebur, ta miƙe, ta bi bango zuwa ɗakinta. Ta yi karo da kujera. Na miƙa hannu, ta ce, "Kar ka."

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 8:30 na safe

Mamansu ce ta ɗiga mata magani. An karɓe mini gaban littafin.

Juma'a, ƙarfe 11:20 na safe

Ta kira Manaja. Ba ta sa a fili ba, amma gidanmu ba shi da sirri, bangon kwali ne. Na tsaya a tsakar gida ina gyaran wata fanka da ba abin da ya same ta.

Ta ce rahotonta ba daidai ba ne, a janye shi. Ta ce akwatin nan babban laifi ne, yau akwai mutane zaune a gabansa suna zaton su ne suka kasa. Ta yi shiru tana saurare. Sai ta ce, "Akwai mai ido a ɗakin lokacin gwaji. Ni ce ban tsare ɗakin ba."

Ba ta ce Baba ba. Da ta ce Baba da ya fi mini sauƙi.

Ta sake saurarawa. Ta ce, "Na fahimta." Ta ce, "Ranar Talata. To."

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Ba ta fito ba.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na tsaya a ƙofarta na ba da labarin ranar da na kai wani manaja filin jirgi na dawo da jakarsa gida. Wannan labarin bai taɓa faɗuwa ba. Na kai ƙarshe, na ji ta juya a gado.

Mamansu ta ce in bar yarinya ta huta, in je in ba fankar labari.

Me zan ce wa likita in ya tambaya ko tana cin abinci?

Talata, 26 ga wata, ƙarfe 1 na rana

An yi zaman, ta waya. Mamansu ce ta faɗa mini sakamako, a tsaye, tana yanka albasa. Ba su kore ta ba. Sun karɓe sa hannun. Daga yau ita gwaji kawai za ta yi, wani ne zai duba ya sa hannu, har sai sun ga hali. Shekara shida ta yi tana hawa wannan matakin, ni na sauko da ita da yatsa ɗaya ta cikin aljihu.

Kuma sun ce ta sake gwajin tun daga farko, a naɗi sautin komai, don Dogo ya dage cewa tsohuwar kwamfutarta ce ke da matsala, akwatinsa lafiya lau. Sun aiko da sabuwa. In akwatin ya wuce a sabuwar, to maganarta ta zama ba ta da tushe gaba da baya. Ban tambayi abin da zai biyo baya ba.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe 10:50 na safe

Ta fito ƙarfe tara, ta yi wanka, ta sa rigar da take zuwa ofis da ita. Ta ce wa iska, ba ni ba, "Kowa ya fita." Ta rufe ƙofa, na ji mukulli ya juya sau biyu.

Na ɗauko kujerar roba na zauna a bakin ƙofar. Na zauna a kan hannuwana, duka biyun, kamar ɗan makaranta mai laifi.

Ina jin Aku ta cikin katako. Suna. Lambar waya. Zaɓi rana. Na haddace hanyar nan kamar hanyar tashar mota, na san kowace kwana. Zaɓi likita. Aika.

Na ji Enta.

Shiru.

Ban san abin da nake roƙo ba. Rabina na cewa Allah ya sa ya wuce, don kar ta sake zama cikin shirun nan ita kaɗai. Rabina na cewa Allah ya sa kar ya wuce. Na ji Tab, Tab, Tab. Na ji Enta sau uku, a hankali, da tazara, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ta san ba kowa a ciki. Sannan ba komai. Minti ɗaya. Biyu. Hannuwana sun mutu a ƙarƙashina. Na ce ko kuka take. Na ce ko ta faɗi. Mamansu ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu, ta yi mini alama da ido in na motsa ni da ita ne.

Sai na ji yatsu a kan madannai. Ba lalube ba, gudu, irin gudun da take yi da can in ta kama wani da laifi, kamar ruwan sama a kan kwano. Ta yi ta bugawa ba tsayawa.

Ta tsaya.

"Baba?"

Na ce na'am, muryar ta fito kamar ta ɗan akuya.

"Kana ina?"

"Ina waje. Wallahi ina waje. Hannuwana ma na zaune a kansu, tambayi Mamanku."

"Ya faɗi," ta ce. Ta ɗaga murya, har da wata 'yar dariya a ƙarƙashi. "Ya faɗi, Baba! A sabuwar ma ya faɗi. Warwas!"

Na ce alhamdu lillahi, Allah ya ƙara faɗar da shi. Na tambaya ko in shigo.

"A'a. Saura shafi tara. Zauna a nan."

Ina nan zaune.